Goron da Na Mayar wa Alhaji Lawali

A wurin sunan da aka yi bara, ina zaune a kusurwa ana zuba mini lemo, na ji ɗaya daga cikinku, ba zan kama suna ba, tana gaya wa ƙawarta cewa Anti Hadiza ba ta da zumunci, wai ita ce ta hana ɗan Alhaji Lawali aiki lokacin da Allah ya buɗa mata. Da Turanci ta faɗa, tana zaton ban ji ba. Turanci dai ban iya shi ba, amma na san sunan ƴata, na kuma san yadda baki ke karkacewa in ana cin naman mutum. Shi ya sa na zaunar da Mariama, matar kawunku, na ce ta rubuta wannan yadda na faɗa, kada ta gyara mini baki. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma abin da ya faru a ɗakina na fi wanda ya tsince shi a bakin hanya saninsa.

Ba za ku gane nauyin abin ba sai kun san wane ne Alhaji Lawali a wurinmu. Da muka sauka Greensboro daga Damagaram, ni da kakanku Malam Isa da Hadiza da ƙannenta, falonsa ne ya zama ɗakin kwananmu. Shi ya samo wa Malam aiki a wani babban siton kaya, shi ya tsaya mana har muka samu haya a bayan titin Wendover. Matarsa kuwa, Hajiya Rabi, ita ce ƙafata. Ku da kuka tashi kuka ga mota a ƙofa ba ku san garin nan ba. Wanda bai iya tuƙi ba a nan fursuna ne, sai dai mabuɗin ɗakin yana hannunsa. Ba kasuwar da za ka taka da ƙafa, ba maƙwabciyar da za ka leƙa ta katanga. Rabi ta koyi tuƙi, ni ban koya ba. Kowace Juma'a sai ta tsaya a gindin benenmu ta danna hon, mu je masallaci, daga can mu biya shagon ƴan Afirka mu sayi daddawa da kuka, mu dawo muna tsine wa tsadar kuɓewa. Ƙofar ɓangarena ba ta buɗuwa daga ciki sai da dabara, kullum sai ta miƙo hannu ta kaina ta buɗe, tana cewa in sauka kafin ta fara karɓar kuɗin taksi. A motar nan na yi dariyar da ban taɓa yi a ɗakina ba.

Hadiza da gyaran ɗakuna ta fara, a wani hotal. Can wata abokiyar aikinta ta ba ta labarin Florida, inda manyan attajirai ke ajiye jiragen ruwansu na shaƙatawa, waɗanda suke kira yot, suna neman masu tsafta da haƙuri. Ban so ba, Malam ma bai so ba, amma ta tafi bayan ta yi mini alkawari wanki da guga za ta riƙe, ba za ta taɓa kwalbar giya ba. Ta yi ƴan shekaru tana yawo a kan ruwa. Da hawan jinin Malam ya matsa, sai ta tattaro ta dawo gida, ta ɗora kwamfuta da waya a kan teburin cin abincinmu, ta ce ga biro ɗinta, wato ofis. Wai daga nan za ta riƙa samo wa jiragen nan ma'aikata.

"Teku yana ina, ke kina ina?" na ce mata. "Mu nan ko tafki ba mu gani."

"Mama, ba ruwa nake nema ba," in ji ta. "Mutane nake nema."

Daga ranar na janyo kujerata kusa da ƙofar kicin, ina gyaran wake ina kallo. Ni ba mai yawan tambaya ba ce, amma wannan sana'a ta hana ni sakat. Ruwan da na sani na rijiya ne da na tafki, jirgin da na sani na sama ne da ya kawo mu. Sai na riƙa ƙwaƙularta kaɗan-kaɗan. Ta ce akwai jirgin da ya fi masallacinmu na Juma'a tsawo, hawa bisa hawa, da wurin wanka a samansa, wato an zuba ruwa a kan abin da ke kan ruwa. Ta ce mai jirgin bai fi ya leƙo na ƴan makonni a shekara ba, amma kullum ta Allah ana wanke shi ana goge shi kamar yau zai iso. Ta ce akwai kwando a bakin shiga, kowa sai ya cire takalmi ya sa a ciki, ko da minista ne. Wannan ya burge ni, na ce ashe suna da sauran tarbiyya. Na tambaye ta su wa ke aikin, ta ce daga ko'ina suke, baƙi da fari, mai dafuwa, mai inji, mai wanki, mai jan igiya, duk ƙarƙashin mutum ɗaya da ake kira kyaftin, wanda maganarsa ba ta da ta biyu muddin ana kan ruwa. In kyaftin ya rasa ma'aikaci sai ya kira irinta, ta lalubo masa. Na ce to ai dillanci ke nan, gwaggota ta yi shi a Birnin Damagaram, da zannuwa a ka. Ta yi dariya.

"Dillanci ne, Mama. Sai dai Gwaggo in ta sayar da zane mai huji, da yamma za a maido mata. Ni in na tura mutum mai huji, yana tsakiyar teku, ba inda za a ajiye shi."

Yadda take zaɓen mutane shi ya fi ɗaukar hankalina. Na zaci takardu za ta duba, kuma tana dubawa, don akwai wani horo na kashe gobara da ceton rai a ruwa da dole sai mutum ya yi. Amma ba nan aikin yake ba. Sai ta kira duk inda mutum ya taɓa aiki, ta yi ta hira da tsohon maigidansa, daga ƙarshe ta jefa tambaya ɗaya ta yi tsit. Na ji tambayar sau da yawa har na haddace amonta, na ce ta fassara mini. Ta ce cewa take yi: in ya dawo gobe, za ka sake ɗaukarsa? Ta ce ba amsar take saurare ba, ɗan shirun da ke gaban amsar take aunawa. Waɗanda ke kusa kuma sai ta kira su gida su ci abinci. Bayan an ci, ta kai mutum ɗan lungun da injin wankinmu yake, ta buɗe ƙofa ta ce masa kamar nan ne ɗakin kwanansa a jirgi, gado bisa gado, shi da wanda bai zaɓa ba, wata da watanni. Tana faɗa tana kallon fuskarsa. Ni ma daga kujerata ina kallo. Na ga masu dariyar yaƙe, na ga wanda ya ja da baya bai sani ba, na ga wata ƴar siririya da ta shiga ta juya ta tambayi inda za ta rataye tawul. Ita aka ɗauka.

Shekarar farko ƙananan jirage ne ke kiranta, jefi-jefi. Akwai makon da wayar ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya, ina ganinta tana ɗagawa tana dubawa ko ta lalace. Sai a farkon bazarar shekara ta biyu wani kyaftin da ta taɓa aiki a ƙarƙashinsa ya kira. An ba shi sabon jirgi, babba ƙwarai, yana son saurayi mai ƙarfi da zai riƙa wanke jikin jirgin da jan igiya. Ya ce zai gwada ta da mutum ɗaya. In mutumin ya zauna, sauran ma'aikatan ma ita za ta kawo, kuma zai ba abokansa sunanta. In bai zauna ba, bai faɗi abin da zai biyo baya ba, ba ya kuma bukatar faɗa. Ranar Hadiza ta rungume ni a kicin, abin da ba mu saba ba. Malam kuwa murna ta sa ya kai labarin masallaci.

Lahadin da ta biyo baya, bayan la'asar, Hadiza ta fita, sai ga Alhaji Lawali da Rabi. Aka gaisa, aka sha shayi, aka taɓa hirar gida. Sannan Rabi ta ciro wani ƙulli daga jakarta ta ɗora mini a cinya. Tun kafin in buɗe na ji sanyin ganyen. Goro ne, ja da fari, manya masu ƙiba, irin wanda ba a samu a shagon nan sai an yi saƙo daga New York. Alhaji yana fuskantar Malam, amma da ni yake magana, don duk garin an san Hadiza ba ta tsallake maganata.

"Hajiya, Muntari ɗanki ne," ya ce. "Mun ji ana neman mutum. Ba sai an je nesa ba."

Na sa hannu biyu na karɓa, na yi godiya. Ku da aka haifa a nan sai na yi muku bayani. A wurinmu in babba ya tako ƙafa ya kawo goro da bukata, ba a ce masa a'a a fuska. Ana karɓa. In an fasa goron an raba an ci, magana ta zauna. In kuwa ba za a iya ba, sai a yi shiru, a bar kwanaki su yi ta wucewa har goron ya bushe, mai bukata ya gane da kansa, kowa ya tsira da mutuncinsa. Mayar da shi hannu da hannu kuwa, tun da nake ban taɓa ganin an yi ba. Bayan sun tafi na naɗe ƙullin a jiƙaƙƙen tsumma na sa a ƙasan firigo, wato firiji, ban fasa ba.

Da Hadiza ta dawo ta ji, sai ta zauna ta dafe kai. Muntari, babban ɗan Alhaji, ya ɗan girme ta. Kada wani ya gaya muku yaron banza ne. Yana salla, ba ya shaye-shaye, ƙarfi kamar ingarma, in ya gan ni da kaya sai ya karɓa. Takardunsa na zaman ƙasa ma cikakku ne. Amma Hadiza ta ce ya bar aiki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kowane karo dalilin ɗaya ne: wani wanda bai kai shi shekaru ba ya ce masa ya sake abin da ya riga ya yi. A ƙasa, in ji ta, wannan ba komai ba ne, sai ya ɗauki hularsa ya tafi gida. A jirgi ba gida. Malam bai bari ta ƙarasa ba. Ya tuna mata falon da muka kwana, ya tuna mata wanda ya kai ta asibiti da ta karye a hannu, ya ce in alherin farko da Allah ya ba gidan nan bai shiga gidan Alhaji ba, to ba alheri ba ne. Daga nan ya tashi ya buɗe firigo, ya zaro goro ɗaya, ya ɓare shi a gabanta ya jefa a baki. Mutumin da likita ya hana goro. Ya tauna yana kallonta, ita kuwa ba ta ma san abin da hakan ke nufi ba sai da na gaya mata.

Washegari da safe ta same ni ina dama koko.

"Mama, in kika ce in tura shi, zan tura shi," ta ce. "Amma ki sani sunana zan ɗora a kansa. Shi kaɗai nake da shi."

Ta ajiye mini abin a gabana ta koma teburinta. Na daɗe ina juya ludayi. Da a ce ta yi mini gardama da ya fi mini sauƙi, sai in ce yarinya ta fi ƙarfina. Amma ta bar mini wuƙa da nama, ga Rabi a gefe ɗaya, ga ita a ɗaya. Ni kuma ba na yanke hukunci a kan abin da idona bai gani ba. Na ce ta kira Muntari gida yadda take kiran kowa, kada ta rage masa komai, kada ta ƙara.

Ya zo da tsakar rana, fes da shi, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ci tuwo ya yaba miya. Da ta buɗe masa lungun wanki bai ko leƙa ba, ya ce ba damuwa. Sannan ta ba shi bokiti da ƙyalle ta ce ya wanke motarta ya tsane ta har kada a ga sawun ɗigon ruwa, don aikin jirgin ke nan safe da yamma. Na fito da kujerata baranda. Gaskiya ya iya aiki, motar nan ba ta taɓa ƙyalli irin na ranar ba. Hadiza ta zagaya, ta sunkuya, ta nuna masa wani ɗan sawu a gefen madubi, ta ce a sake duka. Ya sake, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ta kuma zagayawa, ta buɗe ƙofa ta shafa cikin bakin ƙofar, ta nuna masa yatsanta a jiƙe, ta ce a sake. Bai yi mata tsawa ba, bai jefar da ƙyallen ba. Kanta ya tsallake ya ɗago ido sama wurina, yana murmushi.

"Mama, ki yi mata magana mana. Baba ya ce an gama da manya. Wannan wanke-wanken kuma na mene ne?"

Na ce masa ya hau ya sha ruwa, rana ta yi zafi. Amma abin ya tsaya mini a rai. Ba fushinsa ba, fushi kowa yana da shi. Ɗago idon nan da ya yi. Tun yana ƙarami in abu ya matse shi akwai babba a sama da zai duba, a gyara masa. Na yi ta tunanin inda zai duba a tsakiyar ruwa, ranar da yaro ɗan ƙasar wasu, ko mace ma, ya nuna masa yatsa a jiƙe.

Sauran abu ɗaya da nake son sani, shi ne lungun nan. Na ga mutane da yawa sun tsaya a bakinsa, ni ban taɓa shiga na rufe ba. Washegari da hantsi na kira Malam na ce ya zo ya duba mini bututun injin wanki. Yana shiga na bi shi na jawo ƙofa, na kife bokiti na zauna. Ya tambaye ni me muke jira, na ce muna teku. Ya ce ba ya son wasan banza, na ce ni ma. Gwiwata na taɓa tasa, zafi ya fara taruwa, ya ce turarena ya yi yawa, na ce warin goron bakinsa ma haka. Ko ruwan shayi aka ɗora a lokacin bai isa tafasa ba ya fara laluben ƙofa.

"Buɗe, Hauwa. Numfashinki ma damuna yake yi."

"Ni da kai ke nan," na ce, "da muka haifi ƴaƴa tare."

Ya fita yana fifita da hula. Can ya ce ya ji, ya kuma gane, amma ba shi zai kalli idon Alhaji ba. Ya ce in bar goron a inda yake, shiru ya yi mana aikin. Ni ma abin da na yi niyya ke nan, kuma da an bar ni da shi da na yi. Amma Juma'ar da ta zo, muna hanyar masallaci, Rabi tana ta zuba, ta ce ta riga ta saya wa Muntari akwati, kuma farkon wata zai gaya wa masu siton da yake aiki ya bari, don ya je ya yi horon nan. Sun ga ya je gidanmu ya ci tuwo, sun ɗauka an gama. Na ga in na yi shiru, yaron zai saki abin da ke hannunsa ya zauna jiran wayar da ba za ta zo ba. In ba ta zo ba kuma, ba wanda zai ce Hauwa, kowa Hadiza zai ce. Shirun nan da muke ji da shi a gida, a can yana da amfani don kowa ya san karatunsa, kuma ba wanda ke ajiye aiki a kansa.

Juma'ar gaba na sa ƙullin a jakata. Da shi na yi salla, yana gefen ƙafata. Da aka sallame na ce wa Rabi yau ba shago, ta kai ni gidanta ina son ganin Alhaji. Lokacin sun sayi gida a Pleasant Garden, mai faɗin fili, ciyawa har bakin titi. Ta yi murna, tana zaton albishir na kawo. Muka tarar da Alhaji ya riga mu isa, yana zaune a kan darduma da butar shayi. Na durƙusa na gaishe shi, na ciro ƙullin na ajiye a gabansa.

"Alhaji, na dawo maka da kayanka. Malam ya ci ɗaya, shi ya amsa. Ni ban ci ba, kuma a cinyata aka ajiye."

Ya dubi ƙullin ya daɗe.

"Hadiza ce ta ƙi?"

"Hadiza ta ce in na ce ta tura shi, za ta tura shi. Ni ce na ce a'a."

Ya tambaye ni dalili, na gaya masa abin da na gani a baranda, ban ƙara ba ban rage ba. Na ce kada Muntari ya saki aikinsa. Alhaji mutum ne mai kamun kai, bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya tura ƙullin gefe da bayan hannu, ya miƙe ya ce zai yi alwala, alhali la'asar da saura. Na tashi zan tafi, sai a lokacin na tuna ba ni da ƙafar tafiya. Daga gidan nan zuwa namu ba bas, ba kowa. Ina tsaye a tsakar falo da jaka a hannu, sai na ji ƙarar mabuɗi. Rabi ce ta ɗauko.

Duk tsawon hanyar na kalli gidaje da filaye suna wucewa, ita ta kalli titi. Da muka iso gindin benenmu ba ta kashe mota ba.

"Da kin bar shi ya bushe a firigo, Hauwa," ta ce. "Da mun gane. Da Juma'a mai zuwa na zo na ɗauke ki."

"Da Muntari ya ajiye aikinsa yana jira."

"Ɗana ne. Ni zan ji da shi."

Ta miƙo hannu ta kaina ta buɗe mini ƙofar yadda ta saba. Ba ta yi maganar kuɗin taksi ba.

Hadiza ta tura wani yaro, Rashidu, ɗan zangon Kumasi, da ke wanke kwanuka a hotal ɗin da ta taɓa aiki. Wannan ya ƙara wa wutar mai, aka ce ta bar ɗan gida ta ɗauki ɗan Gana. Rashidu ya zauna. Kyaftin ya sake kira, abokansa suka bi, teburin cin abincinmu ya yi mata kaɗan, sauran kun san shi tun da kun ga biro ɗinta. Ni kuwa Juma'ar farko na yi wanka na yi shiri na zauna bakin taga har aka sauko daga masallaci, Rabi ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Daga baya na koyi shiga bas, da canji a tsakiyar gari da tafiyar ƙafa a ƙarshe, in kawunku ya samu sarari kuma ya kai ni. A masallaci ni da Rabi muna gaisawa, gaisuwa cikakkiya, ba abin da aka rage, ba abin da ke cikinta. Da Alhaji ya rasu na je ta'aziyya, ta riƙe hannuna ta daɗe, na zaci za ta ce wani abu. Bayan ta fita takaba ta koma Damagaram, can Allah ya karɓi abinsa.

Muntari bai saki aikinsa a lokacin ba. Yanzu babban kamiyo, motar ɗaukar kaya, yake ja daga wannan jiha zuwa waccan, shi kaɗai a gaba, ba mai ce masa ya sake. Yana da gida da iyali, kuma duk azumi sai ya kawo mini dabino. Ba mu taɓa tada zancen ba. Ko da ya je da ya zauna? Ban sani ba. Wataƙila da ruwa ya lanƙwasa shi, na ga ya lanƙwasa wasu. Ban ce na san gaibu ba. Abin da na gani a baranda na yi aiki da shi, kuma in aka sake ɗora mini ƙullin a cinya, hanyar Pleasant Garden zan sake kamawa.

Shekaru bayan haka Hadiza ta kai ni Florida na ga jirgin da idona. Na cire takalmi na sa a kwando. Ana ta nuna mini falon mai jirgi da kujerunsa, na ce ni ƙasa nake son gani. Suka sauko da ni ta wata matsattsiyar matakala, aka buɗe mini ɗakin ma'aikata. Na shiga na buɗe hannuwana, suka taɓa bango da bango. Lungun wankinmu ya fi shi sarari. Ina fitowa na ji bakina cike da labari, da kwandon takalman, da wurin wankan da ke bisa ruwa, da wani Bature ƙato da na gani a durƙushe yana goge ƙarfe da burushin haƙori. Mutum ɗaya ce na san za ta yi dariyar da ta dace da labarin, har ta saki sitiyari tana dukan cinya. Na dawo da shi gida ban ba kowa ba.

Wannan shi ne abin da ya faru. Na faɗa wa Alhaji a gabansa cewa ni ce, amma mutane sun fi jin daɗin ɗora laifi a kan mai kuɗi fiye da tsohuwa, shi ya sa maganar ta zame daga kaina ta koma kan Hadiza, ita kuma ba ta taɓa buɗe baki ta ture ta ba. Duk wanda ya sake cewa Antinku ba ta da zumunci, ku turo shi wurina. Zai same ni a gida. Ba ni da mota.